Albashi da shago: wanne ne ake kai wa lanho?

Malam, ka ce ana cire maka haraji a albashi, ga kuma shagon atamfa da ka buɗe a babbar kasuwar Maraɗi, shin sai ka sake kai takardu?

Abu biyu ne daban. Na albashi, wato ITS, mai aikinka ne ke cirewa duk wata ya zuba wa DGI, wato babbar hukumar haraji ta ƙasa. Kai dai ka duba takardar albashinka ka ga an rubuta, ka adana ta.

Shagon kuwa a wuyanka yake. Ka fara zuwa ofishin lanho ka yanki lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji. Su za su dubi cinikinka na shekara su sa ka a rukuni: ƙananan 'yan kasuwa na biyan haraji dunƙulalle, manya kuma na kai cikakken lissafin riba, galibi kafin ƙarshen Afrilu. Wanda ya makara sai tara.

Inda muke faɗuwa shi ne rashin rubutu. Shekarata ta farko na zuba rasit a gwangwanin madara, ɗigar damina ta cinye tawadar, na rasa hujjar kuɗin da na kashe. Ka sayi littafi tun yau. Kayan da ka saro Kano ko Jibiya da naira, ka rubuta kuɗinsu da sefa bisa canjin ranar, ka haɗa da takardar duwan. Kuɗin cefane kuma kada ya shiga aljihun shago.

Kada ka ba ɗan tsakani kuɗi ba rasit. In har ciniki ya yi kauri, ko kana da gidan haya, nemi kontabul mai rajista ya duba maka.