Kyamara na aiki a gida, amma ba ta buɗewa daga waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kyamarori huɗu da NVR (na'urar da ke ajiye hotunansu), duk a haɗe da rauta. Idan ina kan Wi-Fi na gida ina ganin komai a waya, amma da na fita sai manhajar ta ce ba ta samu na'urar ba. Na buɗe fot (ƙofar shigowar saƙo daga waje) a rauta, har yanzu shiru. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kafin ka sake taɓa fot, fara duba adireshin WAN, wato adireshin IP da kamfanin intanet ya ba rautarka. Shiga shafin rautarka (galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1), ka rubuta adireshin da ta nuna, sannan ka buɗe shafin da ke gaya maka adireshinka na intanet, ka kwatanta. In sun zo ɗaya, kana da adireshin fili, wato wanda ake iya isa gare shi kai tsaye daga intanet. In kuwa na WAN ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, kamfaninka ya sa ka a bayan CGNAT, wato kai da wasu da dama kuna amfani da adireshi ɗaya. Wannan ruwan dare ne a rautocin da ke aiki da sim, kuma ko fot nawa ka buɗe ba abin da zai shigo, domin saƙon yana tsayawa ne a wurin kamfani. In ya fara da 192.168, akwai wata rauta a gaban taka. Ka mayar da waccan ta gaban yanayin Bridge, ta riƙa miƙa wa taka intanet kai tsaye.

Ga mai adireshin fili, a fara da ɗaure wa NVR adireshi ɗaya a sashen DHCP Reservation, misali 192.168.1.50. In ba a yi haka ba, duk ranar da wuta ta ɗauke ta dawo adireshin na iya canzawa, fot ɗin ya koma nuna wa wata na'ura. Sai a je Port Forwarding a tura fot ɗin zuwa NVR kaɗai, ba kowace kyamara ba. NVR ƙirar Hikvision na amfani da fot TCP 8000, na Dahua kuma 37777, RTSP (hanyar tura bidiyo) 554. Tunda adireshin fili ma yana canzawa, a yi rajistar DDNS (suna ɗaya da ke bin adireshin duk lokacin da ya canza) kamar No-IP ko DuckDNS. Na No-IP na kyauta sai an sabunta shi duk kwana 30. Gwajin kuma da datar waya ake yi, a kashe Wi-Fi, don wasu rautoci ba sa yarda a shigo ta adireshin waje daga cikin gida.

Gaskiya ba ma son a bar NVR a buɗe haka. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta hanyar kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Ka canza taka, ka kashe UPnP (mai buɗe fot da kansa), ka sabunta manhajar NVR. In rautarka na da WireGuard (VPN, wato rufaffiyar hanyar shiga gida daga waje), shi ya fi: fot ɗaya ake buɗewa, UDP 51820, kana kunna shi a waya tamkar kana cikin gida.

Mai CGNAT kuwa zaɓinsa uku ne: ya nemi adireshin fili a wurin kamfani, ko ya kunna P2P (haɗi ba tare da buɗe fot ba) a NVR ya ɗauki lambar QR da manhajar Hik-Connect ko DMSS, ko ya sa manhajar VPN ta Tailscale a wata na'ura da ba a kashewa, ta zama mashiga zuwa sauran na'urorin gidan.

Tambaya: Tawa tana buɗewa daga waje, amma hoton sai ya riƙa tsayawa. Me zan yi?

Amsa: Saurin turawa na intanet ɗin gidanka ne bai kai ba, ba na saukewa ba. Kyamara mai 1080p na cin kusan 2 zuwa 4 Mbps a babban hoto, huɗu a tare na iya kai wa 16. Zaɓi Sub Stream (ƙaramin hoto) a manhaja, wanda aka saba sa shi kusan 512 kbps, in na'urarka na da H.265 (tsarin matse bidiyo) ka kunna shi. Ingancin hoton da NVR ke ajiyewa ba zai ragu ba.