Filin Tambaya da Amsa: "An ce hotona na Dutsen Kwatarkwashi ƙarya ne"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Gusau, shekara biyu ke nan ina ɗaukar hotunan wurare da waya. Cikin watan Janairu na tafi Kwatarkwashi da sassafe na ɗauki dutsen, toh hazo ya yi yawa sama ta fito fari fat ba komi, shi ne na zauna na cire ta na sa wata mai gajimare na ƙara kala, ni dai wallahi ya yi min kyau. Da na tura ma abokaina masu hoto sai ɗaya ya ce "wanga ai ƙarya ce ba hoto ba", wani kuma ya ce kamar kalandar shagon tela. Raina ya ɓaci har na goge shi daga inda na tura. Malam mi na yi ba daidai ba, ko gyaran hoto laifi ne? Ga hoton nan na haɗo maka da na asalin.
Daga wani mai karatu a Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Gyara ba laifi ba ne, kuma ba yau aka fara ba. Ansel Adams, Ba'amurken nan da ya yi suna a hoton duwatsu da dazuzzuka, ya ɗauki hoton fitowar wata a wani ƙauye mai suna Hernandez a 1941, kuma shekara da shekaru in ya zo wanke shi sai ya ƙara duhunta saman, har na baya-bayan suka fito sama baƙi ƙirin, alhali na farkon ba haka suke ba. Ko wayar da ke hannunka, Tecno ce ko Samsung, kafin ta nuna maka hoto ta riga ta yi nata gyaran a ciki, ta ƙara kala ta daidaita haske ba ta tambaye ka ba.

Amma na buɗe hoton naka a kwamfuta na zuba masa ido, kuma gaskiya abokinka ya ga wani abu, faɗar ce bai iya ba. Dubi kukar da ke gefen hagu, ta kaɗe tas ko ganye ɗaya babu, can bayanta kuma ga gawo ya yi shar. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san gawo da rani yake ganye, da damina ta kankama sai ya zubar, kuka kuma akasin haka, toh kai ka ɗauko hadarin watan Agusta ka ɗora a kan itatuwan da ke cewa hunturu ake, ciyawa a bushe, ƙasa fari sol. Ko kakarka ka nuna ma za ta ce akwai abin da bai yi ba, ko da ba ta san mene ne Photoshop, manhajar gyaran hoto, ba. Na biyu, ja hoton ka matso da bakin dutsen daidai inda ya haɗu da sama, za ka ga wani farin layi siriri ya bi shi kamar an zagaye da alli, ragowar tsohuwar saman ce da manhajar ta kasa cirewa. Sannan gajimaren naka haske daga dama yake dukansa, inuwar dutsen kuma ta nuna rana a hagu take. Rana biyu ke nan a hoto ɗaya.

Abin da ya ba ni haushi shi ne na asalin ya fi. Hazon nan da ka raina shi ne hoton, dutsen ya fito dishi-dishi kamar yana shawagi, ga wani mai jaki can ƙasa ɗan mitsitsi wanda a na gyaran ma kala ta cinye shi. Da ka ɗan rage hasken saman ka bar ta da launin tokarta da an wuce wurin.

Maganar "ƙarya ce" kuwa, ta danganta da abin da ka ce wa mutane. In ka rubuta cewa haɗi ne, ka canza sama, ba wanda ya isa ya ce ka yi ƙarya, sai dai ya ce haɗin bai haɗu ba. In ko ka rubuta "Kwatarkwashi yau da safe" ka yi shiru, toh mutumin da ya bi hanyar Funtuwa ranar yana tuƙi da fitila saboda hazo yana da hakkin ya yi magana. Mujallar National Geographic ma da girmanta a 1982 ta matso da dala biyu na Giza ta Masar kusa da juna don hoton ya shiga bangonta, har yau ana goranta mata.

Gogewar da ka yi ce ban ji daɗi ba. Gobe in wani ya ce hotonka ƙarya ne kar ka yi fushi kar ka tsaya kare kai, ka ce masa "nuna min inda ka fara ganewa". Mai ido zai nuna maka, mai neman magana kuma zai yi shiru, ka ga ka huta. Kuma in za ka tura, ka riƙa tura biyun tare kamar yadda ka yi min, ka faɗi abin da kake so a duba, kala ce ko tsarin ɗaukar, don in ba ka tambayi komi ba abin da za ka samu "masha Allah" ne da ɗan hoton wuta, ko kuma kalandar tela.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yayana ne ya koya min hoto, ɗan baffana ne kuma ya girme ni sosai. Yanzu hotunansa na kogin Matan Fada da fadamar shinkafa kala ta yi musu yawa, ruwa shuɗi kamar an zuba bula, kowa sai yabo yake. Ya zan gaya masa ba tare da ya ga na raina shi ba?
Daga wata 'yar uwa a Argungu

AMSA: Ƙanwata, ba a gaban mutane ba dai, wannan kin sani. Kafin nan ma ki roƙe shi ya turo miki hoton a matsayin fayil, don WhatsApp na matse hoto ya ɓata shi, kar ki je ki ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Sannan ki je a matsayinki na ɗalibarsa, abu ɗaya tak za ki ɗauka, ki mai da shi tambaya. Misali ki ce "Yaya, wai ya ake yi a ƙara wa shinkafa kore fatar masunta ba ta koma kalar manja ba? Na ga a hoton nan ta ɗan yi ja." Ba zolaya ba ce, tambaya ce ta gaske, domin madannin ƙara kala in aka ja shi komi yake kamawa, ruwa da ganye da fatar mutum gaba ɗaya, maganinsa kuma a manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom shi ne a zaɓi wurin da ake so kaɗai a gyara. Ruwan Matan Fada kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa a bakinsa ranar bikin kamun kifi, lokacin da dubban mutane suka afka da homa da gora, ya san kalar kunu yake komawa, shi ma Yayan ya sani sarai, yabon mutane ne ya sa hannunsa ke ƙara nauyi kullum bai lura ba.

Ki kuma tuna masa da wani tsohon hotonsa da kike so tsakani da Allah, ki faɗi abin da ya burge ki a ciki. In ya ce shi haka yake son kayansa, toh hotonsa ne, ki ce "Allah ya ƙara basira Yaya" ki bar maganar, ki sa ido a kan waɗanda zai fitar wata mai zuwa.