Kafin ka zargi gwangwaninka, ka gwada takardar tukuna

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka cewa ka haɗa kyamara da gwangwanin Milo, ka ɗauki hoto har sau bakwai, amma kullum takardar hoton, wato takarda mai jin haske da ake sa wa a cikin gwangwanin, fitowa take baƙa ƙirin daga ruwan wanki, wato ruwan maganin da ke fito da hoto, sai na ji kamar labarina kake bayarwa, domin na yi kusan wata biyu cikin wannan hali.

Ni ma gwangwanin na dinga zargi. Na shafe cikinsa da baƙin fenti har sau uku, na naɗe murfin da baƙin salatif, na sake huda guntun gwangwanin lemo, wanda ke ɗauke da 'yar hudar da haske ke shiga, da allura na goge bakin hudar da samfefa, duk a banza. Ashe takardar ce ta riga ta sha haske. Wani mai shagon kayan hoto ne ya sayar mini da kwalin, ya rantse mini cewa ba a taɓa buɗe shi ba, alhali baƙar ledar da ke ciki a yage take. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, da wannan takardar na ɗauki kakata. Na zaunar da ita a tsakar gida cikin rana, tsohuwa mai ciwon ƙafa, ta daure kusan minti ɗaya ba ta motsa ba, tana ta tambayata ta bakin zaninta ko gwangwanin ya gama kallonta. Da na wanke, ko inuwarta ban gani ba. Kafin in samo wata takardar Allah ya yi mata rasuwa. Na koma wurin mutumin, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi ni ne ban iya ba, kuma har yau in na bi ta layin sai raina ya ɓaci.

Saboda haka, don Allah ka yanki 'yar tsiririyar takarda a ɗakin duhu, ka jefa ta cikin ruwan wankin ba tare da ta shiga kyamara ba. Idan lafiyarta ƙalau, fara za ta fito. Idan ta yi toka-toka ko baƙi, to takardar ta mutu, ko kuma jar fitilarka ta ɗakin duhu ce take ƙona ta. Fitilar ma tana da gwajinta: ka ɗora tsabar kuɗi a kan takarda, ka bar ta minti biyar a ƙarƙashinta, in siffar kuɗin ta fito bayan wanki, ka canza fitila. Sai takarda ta tsira sannan ka loda gwangwanin, ka ajiye shi a rana da hudar a rufe, ka wanke takardar ka ga ko haske yana satar hanya ta murfi.

Ka ce minti biyar kake buɗewa, wannan ya yi yawa ƙwarai. Idan tsakanin huda da takarda milimita 100 ne, hudar kuma ta kai milimita 0.4, a ranar tsaka irin tamu daƙiƙa 30 zuwa 40 sun isa. Kada ka zura allurar gaba ɗaya, tsininta kawai ake so. Zafin ruwa ma yana cutar da mu, domin an tsara magungunan wankin hoton ne a kan digiri 20 na Celsius, ruwan randarmu kuwa a bazara ya wuce haka nesa, shi ya sa nake jefa ƙanƙara a ɗaure cikin leda kafin in fara.

Kuma kada ka fara da mutum. Ka ɗauki katanga ko bishiya har hannunka ya faɗa, sannan ka zaunar da wanda kake ƙauna. Idan ka yi gwajin tsiririyar, ka turo mana hotonta mu gani tare.