Tambaya da Amsa: Sabon Tsari Yana Kashe Gwaninta a Wasannin Faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta ƙi ƙarewa a gidan gem ɗin unguwarmu. Wasu sun ce Street Fighter 6 ya yi sauƙi har ɗan koyo na kayar da tsohon hannu, wasu sun ce ya fi na biyar wuya. Su wa ke da gaskiya? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shiga wasan ne ya yi sauƙi, amma cin gasa sai ma ƙara wuya da ya yi, kuma dalilin yana cikin mita, wato ma'aunin ƙarfin da ɗan wasa ke kashewa don yin dabaru na musamman. A Street Fighter V na 2016, mitar V-Trigger, wani ƙarin ƙarfi da ake kunnawa, tana cika ne galibi idan kana shan duka, sai ka kunna ta can ƙarshen zagaye. A na shida, wanda ya fito a Yunin 2023, kowa na fara zagaye da mitar Drive cike, gida shida. Tun daƙiƙar farko abokin karawarka na da makamansa na Drive duka.

Ga farashinsu. Drive Impact, wani bugu mai nauyi da ke shanye duka, gida ɗaya. Ƙarfafa bugu na musamman gida biyu. Katse bugu ka zarce da Drive Rush, wato rugawa gaba da gudu, gida uku, kuma bugun da ya biyo baya yana samun ribar firem huɗu, wato abin da a da za a rama maka bayan an tare shi yanzu ya bar ka da damar ci gaba. Firem shi ne hoto ɗaya na motsin wasan, kuma wasan na tafiya ne da firem 60 a daƙiƙa. Drive Impact na fita a firem 26, ƙasa da rabin daƙiƙa, yana shanye bugu biyu, kuma in kana lungu, wato ƙarshen fili, ko ka tare zai maka ka da bango. Maganinsa shi ne ka mayar da naka, ko ka cafke abokin karawar ka yar. Wanda ke jiran wannan kaɗai zai iya. Wahalar ita ce kana jiran tsalle da Drive Rush da kamu a lokaci guda, ido kuma ba ya gadin ƙofa huɗu. Nan ne tsohon hannu ke faɗuwa a makonnin farko.

Inda ɗan koyo ke faɗuwa kuwa shi ne ƙarewar mita. Da ta ƙare, duk bugun da ka tare zai riƙe ka ƙarin firem huɗu, bugu na musamman zai ci jininka ko ka tare, Drive Impact a lungu kuma zai sa ka jiri. Tun kafin ta ƙare, tarewa kanta tana cin mitar. Saboda haka kar ka kashe gida uku a kwambo, wato jerin bugu a haɗe, in uku kaɗai suka rage maka, sai dai in kwambon zai kashe.

Tsarin maɓallai na Modern da ake ta ƙorafi a kai yana fitar da bugu na musamman da maɓalli ɗaya, amma an rage ƙarfinsa da kashi 20 cikin ɗari, an kuma cire wasu bugun yau da kullum. A ganinmu cinikin ya yi adalci.

Tambaya: Na ji manyan 'yan wasa na kukan Heat a Tekken 8. Mene ne laifinsa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Kukan nan yana da tushe. Tekken 7 ya girmama mai tsaro: ja da baya cikin sauri, kaucewa gefe, jiran abokin karawa ya bugi iska ka hukunta shi. Tekken 8 na Janairun 2024 ya ba kowa Heat, wato yanayin ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci, sau ɗaya a kowane zagaye, daƙiƙa 10 in ka kunna da Heat Burst, 15 in bugun Heat Engager ya samu abokin karawa. Agogon yana tsayawa muddin abokin karawa na shan duka ko tarewa, shi ya sa ya fi haka daɗewa. Idan abokin karawa na cikin Heat, tarewa ma na cin jini, kuma hanyar dawo da jinin ita ce kai ma ka kai hari. Tsarin ya tura kowa gaba, ya rage wa mai haƙuri ladansa. Gyaran zango na biyu a 2025 ya ƙara wa hari ƙarfi, 'yan wasa suka yi ca, har kamfanin wasan, Bandai Namco, ya fitar da gyaran gaggawa.

Duk da haka, Arslan Ash na Fakistan, wanda ya ci Evo, babbar gasar wasannin faɗa, a 2019 da 2023 a Tekken 7, shi ya sake ci a 2024 a Tekken 8. Sanin tazara da karanta ɗabi'ar abokin karawa ba su tsaya a tsohon wasan ba.

Tambaya: Daga Mortal Kombat 11 zan koma Mortal Kombat 1. Me zan fara koya? Daga mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Fara da mita. A na 11 mitar hari da ta tsaro a rabe suke, kuma da kansu suke cika. A Mortal Kombat 1 mita ɗaya ce mai gida uku, yanke kwambon abokin karawa kuma duka ukun yake cinyewa, don haka wanda ya saba ƙarfafa bugu ba lissafi zai rasa mafita. Sai Kameo, mataimakin da ake kira. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Shiga filin atisaye, ka ɗauki jerin bugun da ya fi damunka haɗe da Kameo, ka sa kwamfuta ta riƙa maimaitawa, kai kuma kana tarewa har ka gano inda giɓin yake. Bayan nan ka koyi kwambo biyu kawai, ɗaya na tsakiyar fili, ɗaya na lungu.