Filin Masu Karatu: An ce mu kawo shaidar zama 'yan ƙasa kafin a ba mu tallafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka da maigidana da yaranmu biyu. Maigida ya yi rantsuwar zama ɗan ƙasa bara, ni kuwa katin zama na dindindin gare ni, shekararsa uku. Babbar 'yarmu mai shekara tara tare muka zo da ita, ita ma katin gare ta, ƙanenta kuma a nan aka haife shi. Aikin maigida ya tsaya, sai muka nemi Medicaid, tallafin kula da lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi. Yanzu wasiƙa ta zo wai ba a iya tabbatar da cewa shi ɗan ƙasa ne ba. Wata ƙawata ta ce idan na sake cika fom in rubuta dukanmu 'yan ƙasa ne tunda maigida ya zama, wai babu mai dubawa. Me zan yi? Daga wata mai karatu a Amurka.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah Ya kawo wa maigida aikin da ya fi wanda ya tsaya. Zan fara da maganar ƙawarki, don ita ce ta fi tayar mini da hankali, wasiƙar kuwa abu ne mai sauƙin gyara.

Don girman Allah, kada ki rubuta a kowace takarda cewa ke 'yar ƙasar Amurka ce. Auren ɗan ƙasa ba ya mayar da mace 'yar ƙasa, sai ta nema da kanta, an yi mata tambayoyi, ta yi rantsuwa. Dokar shige da fice ta 1996 ta tanadi cewa baƙon da ya yi iƙirarin ƙarya na zama ɗan ƙasa don ya samu wani amfani daga gwamnati, ana iya korar sa a kuma rufe masa ƙofar dawowa har abada, kuma kusan babu hanyar neman afuwa. Ta ɓangaren laifi ma akwai ɗaurin da ya kai shekara uku. Sannan ranar da za ki nemi zama 'yar ƙasa, fom ɗin N-400 zai tambaye ki ƙarara ko kin taɓa cewa ke 'yar ƙasa ce, a rubuce ko a baka. Ƙawarki taimako take nufi, na sani, amma gwano ba ya jin warin jikinsa, mai yiwuwa ita ma haka aka faɗa mata.

Batun "babu mai dubawa" kuwa, wasiƙar da ke hannunki ta isa amsa. Ana dubawa, kuma kwamfuta ce ke yi. Da can, mai neman Medicaid yana sa hannu ne kawai a kan cewa shi ɗan ƙasa ne, bisa rantsuwa. Daga 1 ga Yuli 2006 aka wajabta kawo takardun shaida, abin da ya wahalar da mutane da yawa waɗanda a ƙasar aka haife su amma ba su da fasfo ko takardar haihuwa a hannu. Saboda haka wata doka ta 2009 ta ba jihohi damar tura suna, ranar haihuwa da lambar mutum ga hukumar Social Security, wadda ke ba mutane wannan lambar shaida, don ta tabbatar. Baƙi kuma akwai tsarin SAVE na hukumar shige da fice ta USCIS, wanda ke duba lambar katinki ya faɗi matsayinki da ranar da kika same shi.

A nan nake zargin aka samu tangarɗar maigida. Wanda ya yi rantsuwa kwanan nan, sau da yawa bayanansa a Social Security suna nan yadda suke, suna nuna shi baƙo mai kati. Wani lokacin kuma rubutun suna ne. Na taɓa raka wani dattijo ofishin tallafi don in yi masa tafinta, muka yi sawu biyu kafin ma'aikaciyar ta lura cewa a takarda ɗaya Muhammad aka rubuta, a ɗayar Mohammed, kuma sunan mahaifinsa ya koma gurbin sunansa. Ku baje takardun maigida a tabarma ku bi su harafi bayan harafi, har ranar haihuwa, don a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana.

Gyaran shi ne ya miƙa takardar shaidar zama ɗan ƙasa da aka ba shi ranar rantsuwa, ko fasfonsa na Amurka idan ya yi. Kowanne ɗaya ya wadatar, ba sai an haɗa da wata shaida ba. Ofishin Medicaid na karɓar kwafi, don haka kada ya saka ta ainihin a ambulan ya aika, sake samun ta akwai kuɗi da jiran watanni. Bayan nan ya je Social Security da takardar a gyara bayanansa, kada abin ya maimaitu gaba. Ƙa'idar Medicaid ta ba mutum kwana 90 ya kawo shaida, kuma idan ya cika sauran sharuɗɗa ana ba shi kulawar lafiya a cikin kwanakin.

Ƙaramin yaronku takardar haihuwarsa ta jihar da aka haife shi za ki kai, tare da abin da ke nuna shi ne, kamar takardar asibiti.

Babbar 'yarku ce nake son ki buɗe kunne a kanta, don iyaye da yawa ba su san wannan ba. Akwai dokar da ta fara aiki a Fabrairu 2001: yaron da bai kai shekara 18 ba, yana da katin zama na dindindin, yana zaune a Amurka a hannun uba ko uwa ɗan ƙasa, ya zama ɗan ƙasa kai tsaye. Idan maigida ne mahaifinta kuma gida ɗaya kuke, to tun ranar da ya yi rantsuwa ita ma ta zama. Sai dai kwamfuta ba ta san da haka ba sai kun nuna mata. Ku nema mata fasfo, ko takardar shaida ta fom N-600. Ni fasfo nake ba da shawara a fara da shi, ya fi sauri kuma ya fi araha.

Ke kuma, gaskiyar da ba daɗi ita ce dokar tallafi da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 22 ga Agusta 1996 ta ɗora wa yawancin masu kati jiran shekara biyar kafin su ci Medicaid na tarayya. Saura miki biyu. Amma ba a rufe ko'ina ba: jihohi da dama sun ɗage wannan jiran ga mai juna biyu, wasu na kula da masu kati da kuɗin jiha, kuma akwai Medicaid na gaggawa, wanda haihuwa na cikinsa. Ki tambayi ma'aikacin abin da jiharku ta tanada. Idan kika zaɓi nema wa maigida da yara kawai, ki rubuta kanki a matsayin wadda ba ta nema, kodayake za a tambayi kuɗin shigar gidan gaba ɗaya. Tunda dokokin tallafin baƙi sun sake canzawa a 2025, zama ɗaya da lauyan shige da fice ko ofishin taimakon shari'a na kyauta kafin ki sa hannu ya fi duk shawarar maƙwabta, har da tawa.

Yau ɗin nan ki duba kwanan watan da ke saman wasiƙar, ki ƙirga kwanakin da aka ba ku na kawo shaida, ki rubuta ranar ƙarshe inda za ki riƙa gani. Duk abin da kuka miƙa ku karɓi shaidar an karɓa. Idan Turancin wasiƙar ya yi miki nauyi, kina da haƙƙin a kawo miki tafinta kyauta. In kuma an hana ku bayan duk wannan, takardar hanin za ta zo da bayanin yadda ake neman a saurari ƙorafinku, kuma shi ma yana da wa'adinsa.