Tambaya da Amsa: Na zuba yuriya sau biyu, albasata sai rawaya take yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman albasa a Meskin, kusa da Marwa a arewacin Kamaru. Bana sau biyu ina zuba yuriya, kowane zubi in cika fangali da ruwa fal, kamar yadda mai sayar da takin ya ce. Amma ganye sai rawaya yake yi, yanzu ya ce in ƙaro buhu. Kuɗi sun yi ƙasa, kuma rijiyar lambun iyalina ke sha, har da mai jego. In ƙara ko in dakata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, dakata tukuna. Bisa abin da ka faɗa, takin da ka saya bai zauna inda albasarka za ta ci shi ba, ruwan da ka ambaliya ya yi ƙasa da shi.

Wannan magana ta "a cika ruwa don taki ya shiga, kada ya ƙona shuka" ita ce ta fi damuna a aikin nan. Daga Marwa har lambunan bakin Binuwai a Garwa ita nake ji kullum, kuma yawanci daga bakin masu auna taki da kwano a kasuwa, waɗanda suka mai da kansu likitocin gona. Mutum bai taɓa tona ƙasar lambunka ba, amma maganinsa ɗaya ne: ƙaro buhu. Shi ciniki yake yi, kai kuma asara.

Yuriya na narkewa nan take, kuma ranar da aka zuba ta, ruwa take bi duk inda ya nufa. A zafin ƙasarmu, cikin 'yan kwanaki sai ta rikiɗe, cikin mako ɗaya zuwa biyu mafi yawanta ta zama naitiret, wanda ƙasa ba ta riƙe shi sam. Saiwar albasa kuwa gajera ce, galibi ba ta wuce santimita 30 ba. Ƙasar bakin kogin Mayo Tsanaga na yankinku mai rairayi ce, tana tsiyayar da ruwa kamar rariya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, sinadarin da shuka ke ci a cikin takin. Ka ambaliya masa ruwa sau biyu sau uku, kaso mai yawa ya wuce saiwa, ya nufi ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ga shi yawan ruwan kansa yana toshe wa saiwa numfashi, ganye ya yi rawaya ko da taki na nan. Sai a ce yunwa ce, a ƙara taki, a ƙara ruwa. Haba jama'a!

Abin yi shi ne ka raba takin kashi uku ƙanana, farawa mako biyu zuwa uku bayan dashe. Ka fara ban ruwa, ƙasa ta tsane ta bar danshi, sannan ka zuba, ka cakuɗa shi da ƙasa, ka bi da ruwa kaɗan. Kada ka bar shi a fili ya bushe, iska za ta kwashe shi. Washegari ka tona gefen fangali: in danshi ya kai kamu guda, ruwanka ya yi yawa, rage lokacin injin ban ruwa. Ruɓaɓɓen kashin shanu kafin dashe yana sa ƙasa ta riƙe ruwa da taki. Da albasa ta fara ƙosawa, ka daina yuriya gaba ɗaya, in ba haka ba wuyanta ya yi kauri, ta ruɓe a rumbu kafin farashi ya tashi.

Batun rijiya kuma ba na wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 cikin lita ɗaya. Ba ya da launi, ba ya da wari, kuma tafasa ruwa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi. Jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska. A bar jaririn a kan nonon uwa zalla, kada a ɗura masa ruwan rijiyar nan. Ka nemi jami'in gona na yankinku ya nuna maka inda za a gwada ruwan, kafin nan ku ɗebo na sha daga famfon da ke nesa da lambu. In kun ga leɓen yaro ya yi shuɗi, a wuce asibiti nan take.