Amsa: Ko ɗura simintin ƙashi a gadon bayan Mama na da haɗari?

Ɗan'uwa, ka ce ƙashin bayan Mama ya karye saboda laushin ƙashi na tsufa, likita ya ce a ɗura mata simintin ƙashi ta allura, kana tambaya ko da haɗari. Akwai, sai dai mai tsananin ba kasafai yake aukuwa ba. Abin da aka fi gani shi ne simintin ya tsiyayo waje kafin ya daskare, don da ruwa-ruwansa ake tura shi, kuma galibi mara lafiya ba ya ma jin komai. Amma in ya bi ta baya ya danne laka, ƙafa kan mutu ko fitsari ya ƙi fita. In ya shiga hanyar jini yana iya kaiwa huhu, numfashi ya sarƙe. Kuka ga ɗaya daga ciki, ko zazzaɓi, ku koma asibiti nan take.

Gwaggona an yi mata. Kwana biyu ta miƙe tana alwala da kanta, muka ɗauka an gama, muka yi sakaci da maganin ƙarfafa ƙashi da aka rubuta mata. Wata huɗu ta sunkuya ɗaukar buta, ƙashin da ke saman wancan ya karye. Har yau abin na ci mini rai. Simintin karaya ɗaya yake riƙewa, sauran ƙasusuwan na nan da rauninsu. Ka tambayi likita maganin da Mama za ta ci gaba da sha, irin su alendronate da bitamin D, tun kafin a shiga da ita.